Musayar zare ta mata masu saƙa: abin da na samu da abin da nake so a gyara

Duk mai saƙa a Kumasi ta san iyakar abin da kasuwa za ta iya ba ta. Ki shiga Kejetia ko ki gangara Adum, zaren da za ki tarar kusan iri ɗaya ne, wato na roba da ake kira akirilik. Yana da araha, yana jure wanki, launinsa ba ya zuba, kuma da shi muke saƙa hula da safa da rigar sanyi ta jarirai da ake kaiwa gidan suna. Ban raina shi ba, shi ke rufa mana asiri. Sai dai in ranki ya biya da ulu na gaske, ko auduga kaɗin hannu, sai ki yi ta yawo har ƙafa ta gaji ba ki samu ba. Abin da ya kai ni shiga musayar zare ke nan, wadda wata ƙungiyar mata masu saƙa ke shiryawa. Na ga yadda take tafiya tun daga rubuta suna har buɗe ƙunshi, kuma ina ganin ta cancanci a shiga. Amma akwai wuri ɗaya da tsarin yake tauye haƙƙin waɗanda suka fi kowa wahala, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Tsarin ba shi da wuya. Matan ƙungiyar suna warwatse: wasu a nan Aboabo da Asawase da Tafo, wasu a Nima da Mamobi da Madina can Akra, wasu a Tamale, sai 'yan ƙalilan da aure ko karatu ya kai su Ingila da Jamus. Magajiyar ƙungiya ita ke karɓar sunaye. Kowa za ta faɗi irin saƙar da take yi, allura biyu ce ko kwarashi, launin da take so da wanda ba ta ƙauna, ko tana kaɗi, ko akwai abin da jikinta ba ya ɗauka. Daga nan a yi ƙuri'a, a ba ki sunan wadda za ki haɗa wa kaya, ke kuma wata dabam ce za ta haɗa miki, ba za ki san ta ba sai saƙo ya iso. An yanka adadin kuɗin da kaya za su kai, kimanin kuɗin dunƙulen zare huɗu ko biyar na kasuwa, sannan a ɗora 'yar tsaraba a kai. An sa ranar da kowa za ta tura, kuma sai kin nuna wa Magajiya hoton rasit na tasha kafin a ce kin fita. Kamar adashi yake, amana ce ke riƙe da shi, in mutum ɗaya ta saɓa to wata ce za ta kwana hannu wofi.

Nawa ƙunshin daga Tamale ya zo. Da na kwance ledar sai na ga an naɗe kayan a cikin tsohon ɗankwali wankakke. Akwai dunƙule biyu na auduga kaɗin hannu, ɗaya fari mai ɗan duhu irin na audugar da ba ta ga bilic ba, ɗaya kuma an rina shi da baba har ya yi shuɗi mai zurfi. Idan kika ja zaren tsakanin yatsu za ki ji inda ya yi kauri da inda ya sirance, har da 'yan ɓurɓushin ɓawon angurya da suka maƙale a jiki. Ga ƙaramin kwano na man kaɗe an ɗaure bakinsa da leda biyu, ga kuma 'yar takarda da wata yarinya ta rubuta a madadin kakarta, cewa a yi haƙuri, abin da ya samu ke nan.

Wannan ban haƙurin ya tsaya mini a rai. Na kira lambar da ke jikin kwalin, aka miƙa wa tsohuwar waya. Na ce, "Inna, haƙurin me kike ba ni? Abin da kika aiko babu shi a duk Kejetia." Ta ce, "'Yata, an ce kaya su kai kuɗi kaza, ni kuwa da na tambayi abin da masaƙa ke sayen zarena, sai na ga bai kai ba. Shi ya sa na ƙara miki mai."

To, a nan matsalar take. Ƙungiya tana auna kaya da farashin kasuwa, farashin kasuwa kuwa bai taɓa yi wa mai kaɗi adalci ba. Wanda bai taɓa zama kusa da mai kaɗi ba ba zai gane ba. Kafin auduga ta zama zare sai an gurje ta an fitar da angurya, a shiɓe ta ta yi laushi, sannan a ɗauki mazari. Gashin auduga gajere ne, santimita biyu zuwa uku, saboda haka ba ya riƙe juna sai an murɗa shi sosai, kuma ba ya ɗaukar nauyin mazari a rataye. Dole gindin mazarin ya zauna a kan wani abu yana juyawa, mai kaɗi tana shafa alli a yatsu, tana murzawa da dama tana ja da hagu, kamu ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen giram 100 na zare siriri aikin kwanaki ne, ba na yini ba. Ita kuwa wadda ta shiga shago ta ɗauko dunƙule biyar na inji, cikin minti goma ta gama, kuma a lissafin ƙungiya ita ce ta cika sharaɗi, tsohuwar ce mai ban haƙuri. Wannan bai yi ba.

Kuma ba ƙaramin zare ba ne ake rainawa. Da irinsa masaƙan Daboya, a ƙasar Gonja bakin kogin Volta, suka yi suna wajen saƙa ƙyallen batakari, wato rigar saƙi ta mutanen arewacin Gana, bayan an tsoma shi a marina ya sha baba. Batakari ne a jikin Kwame Nkrumah daren da ya yi shelar 'yancin Gana a Akra, 6 ga Maris 1957. Yau zaren inji ya cika hannun masaƙa saboda sauƙi, masu kaɗin hannu kuwa galibi tsofaffi ne, 'yan mata ba sa koyo. In har ƙungiya irin tamu, wadda ta san darajar zare, ita ma za ta auna shi da kuɗin kasuwa, wa zai ƙarfafa musu gwiwa? Shawarar da na kai wa Magajiya ita ce a cire kaɗin hannu daga lissafin kuɗi gaba ɗaya. Duk wadda ta aiko da giram 100 na abin da ta kaɗa da hannunta, a ce ta cika, ba sai ta ƙara komai ba. Ta ce za a tattauna. Ina fata kada maganar ta kwanta.

Game da amfani da zaren kuwa, ga abin da na gani. Auduga kaɗin hannu mai igiya ɗaya, in kika saƙa ta haka da allura biyu, saƙar za ta karkace gefe guda saboda ƙarfin murɗi. Sai kin haɗa igiya biyu kin murɗa su ta ɗaya ɓangaren, sannan ki dafa zaren a ruwa da ɗan sabulu don murɗin ya zauna, maiƙon audugar kuma ya fita. Bayan dahuwa ya yi laushi, ya ƙara haske. Shuɗin yana zuba, wannan halin baba ne, yatsuna da allurar gora duk sun yi shuɗi, don haka a wanke shi shi kaɗai har ruwa ya washe kafin a haɗa shi da fari. Na saƙa wa jikata 'yar riga mara hannu da allura mai milimita 4, ratsin shuɗi da fari. A zafin Kumasi ta fi duk rigunan roba da na taɓa yi mata, tana shan gumi, ba ta sa ƙuraje a wuya.

Abu na biyu da musayar ta kawo mini ba a ƙunshina ya zo ba. Maƙwabciyata ce aka haɗa da wata da ke Ingila, aka aiko mata ta hannun matafiyi da gashin tunkiya irin merino, tsefaffe, ba a kaɗa ba. Ita ba ta kaɗi, sai muka yi namu musayen a tsakar gida. Tumakinmu na nan gashi gare su irin na awaki, ba sa ba da ulu, merino kuwa asalinta daga Sifen take, yanzu Ostareliya ce ta fi kowa kiwonta. Na ɗora shi a mazarin da na gada, mai gululun yumɓu. Gashin ya fi na auduga tsawo nesa ba kusa ba, yana kama juna da kansa, murɗi kaɗan ya ishe shi, in kin cika murɗawa sai ya yi tauri ya rasa laushinsa. Hannun da ya saba da auduga sai ya sassauta. Hula ɗaya na samu a ciki, ta dattijo, ta fita masallaci da asuba lokacin hunturu. Gaskiya ulu ba kayan yau da kullum ba ne a ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu da ɗan sanyin damina na Yuli da Agusta, shi ke nan amfaninsa, sauran watanni sai ajiya, ga asu yana jira. Amma taɓa shi da kaɗa shi ya koya wa hannuna abin da ban sani ba, kuma ba don musayar ba da ban gan shi da ido ba.

Yanzu tsaraba. Nan ma akwai gyara. Mutanenmu ba su iya ba da kyauta kaɗan ba, kowa tana so ta burge, sai a cusa abin da zai ɓata zaren. Wata a Asawase an aiko mata da cakulan cikin kwali ɗaya da farin zare. Kwalin ya yi tafiyar kilomita kusan 250 daga Akra a ƙarƙashin mota, cikin zafin inji. Da aka buɗe, cakulan ya narke ya shiga zaren har ciki. Wata kuma turaren wuta aka sa mata, ulu ya sha ƙamshi, ga shi kayan jariri za ta saƙa. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne busasshen abu da ba ya narkewa ba ya tashi: goro a naɗe da ganye cikin ledarsa dabam, dabino, maɓallai, tef na awo, ko duwatsun ado na Krobo da ake saye a kasuwar Koforidua ranar Alhamis. In aka zura su a ɗan zobe suna zama alamar ƙirga ido a kan allura, ga kyau ga amfani. Ni goro na aika arewa, tunda dama hanyarsa ke nan tun zamanin fatake. Mai da sabulun salo kuwa, in dole ne, a yi yadda Inna ta yi, leda biyu da ɗauri mai ƙarfi.

Wani abin da ke jawo ɓacin rai shi ne zaren da ba a san asalinsa ba. Da yawa cikinmu muna sayen rigunan sanyi na gwanjo mu warware su, kuma babu laifi, wani lokaci a nan ake tsintar ulu mai kyau da kuɗi kaɗan. Laifin shi ne a aiko ba bayani. Wata 'yar uwa ta saƙa bargon jariri da irin wannan, uwar jaririn ta jiƙa shi a ruwan zafi ta cuɗa, ya tsuke ya dunƙule ya zama kamar ba shi ba, ashe ulu ne zalla. Wanda ya zo da takardarsa a bar masa ita, domin a nan ake ganin nauyi, giram 50 ko 100, da tsawon mita, da girman allura, da lambar rini, wadda in ta bambanta to launin ma zai ɗan bambanta ko da suna ɗaya ne. Wanda ba shi da takarda a yanki ɗan guntu a kusanta shi da ashana. Na roba zai narke ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Ulu zai yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murƙushe a yatsa. Auduga za ta ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. A rubuta abin da aka gani a sa a ƙunshin, aikin minti biyu ne.

Batun tura kaya ba ni da ƙorafi mai yawa. Ofisoshin saƙo na tashoshin mota suna aiki, ki rubuta suna da lambar waya manya-manya, ki kira mai karɓa da zarar motar ta tashi. Abin da ƙungiya ba ta fayyace ba shi ne wa ke biyan kuɗin mota. Wasu sun biya a wajensu, wasu sun bar wa mai karɓa, har aka ɗan yi tsegumi. Mai turawa ce ya kamata ta biya, kyauta ba ta zuwa da bashi. An kuma samu wadda ta karɓi nata ta yi shiru ba ta tura ba. A nan na yaba wa Magajiya ƙwarai. Ba ta tona mata asiri a gaban mutane ba, ta nemi mata biyu suka haɗa wa wadda aka bari ƙunshi daga nasu, aka tura kuɗin mota ta MoMo, wato ta waya, ita kuma waccan aka ce ta huta a zagaye na gaba.

Wadda ke neman zare mai yawa launi ɗaya don aikin sayarwa, musaya ba tata ba ce, ta tafi kasuwa ta sayi dozin. Haka wadda za ta ɗora ƙunshi a sikeli ta ga ko an cuce ta. Amma sabuwar mai koyo za ta ƙaru sosai, don tare da zare ake samun wadda za a kira a tambaya, kuma mai kaɗi za ta samu masu son aikinta. An ce zagaye na gaba kafin hunturu za a yi. Na riga na ba da sunana, na kuma roƙi Magajiya, in ƙa'ida ta yarda, a ware wa masu kaɗi nasu rukuni, a riƙa musayar auduga shiɓaɓɓiya da mazari, domin akwai 'yan mata biyu a layinmu da suka ce suna so su koya, mazari mai kyau kuwa sai an aiko daga arewa.