Hattara da masu gwajin kyauta da garin maganin asma da hawan jini a Sakkwato

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma ina roƙon duk wanda saƙon nan ya iske ya karanta wa iyayensa, musamman tsofaffin da ke shan maganin hawan jini da masu fama da asma. Akwai wasu mutane da ke yawo da mota mai lasifika a cikin gari da kasuwannin ƙauye, suna gwajin lafiya kyauta, suna sayar da wani garin magani ƙulle a leda ko cikin 'yar roba. Garin nan yana kwantar da mutane a gadon asibiti. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba, domin kusan kowace fitowa da sabuwar takarda suke liƙa masa. Salon yaudarar ne ba ya canzawa.

Sukan kafa rumfa kusa da tasha, ko bakin masallaci bayan an sauko Juma'a, ko su bi ranakun kasuwa ta wajen Achida, Bodinga da Illela. Biyu ko uku daga cikinsu na sanye da farar riga irin ta likitoci. A kan teburi akwai na'urar awon jini da kwamfuta da aka jona wa wani ɗan ƙarfe. Za a ce ka damƙe ƙarfen a tafin hannunka na minti ɗaya, sai allo ya cika da jan rubutu, a shiga karanta maka: hantarka ta taɓu, ƙodarka ta yi datti, jininka ya yi kauri. Wannan ƙarfe ba ya auna komai. Ciwon hanta da na ƙoda sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji ake gane su. Na'urar awon jinin kuwa ta gaskiya ce, aikin da ake yi da ita ne na ƙarya. Mutum ya sha rana a layi, gabansa na faɗuwa saboda abin da kwamfuta ta ce, a ɗaura masa a kan hannun riga yana magana, yaya jini ba zai hau ba? A asibiti sai ka zauna ka huta kamar minti 5 kafin a auna, kuma ba a ce wa mutum yana da hawan jini da awo ɗaya, sai an maimaita a ranaku daban an ga yana kai 140/90 ko ya wuce.

Bayan an tsorata ka sai a fito da magani, tare da maganganu guda biyu waɗanda su ne gubar kanta. Ta farko: "Na asibiti danne cuta yake yi, namu tumɓuke ta yake yi, saboda haka ka ajiye ƙwayoyinka, ba a haɗa su." Ta biyu: "In ka ji bakinka ya bushe, zuciya na bugawa, ido na hazo, kada ka tsorata, cuta ce ke fita." Sai a ce sha uku ne, a biya na ukun gaba ɗaya ta POS ko taransifa, wanda ya kawo wani a rage masa kuɗi. A ba ka lambar WhatsApp ta wani da suke kira dokta.

Maganar nan ta biyu ita ce ta sa na zauna na rubuta wannan. Mai cewa haka ya san abin da ya zuba a garin. Ya lissafa maka alamomin guba tun kafin su zo, ya sa musu sunan waraka, don idan sun zo ka ƙara sha maimakon ka nemi asibiti.

A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓin ciki ba tare da ka ba su umarni ba. Su ke tafiyar da bugun zuciya, gumi, yawu, motsin hanji, fitar fitsari, buɗewa da tsukewar ƙwayar ido da hanyoyin numfashi. Kashi biyu ne. Ɗaya yana tashi lokacin tsoro ko gudu: ya hanzarta zuciya, ya tsuke hanyoyin jini, ya buɗe huhu. Ɗayan na lokacin hutu ne: ya sassauta zuciya, ya kawo yawu, ya motsa hanji, ya matse mafitsara fitsari ya fito. Magunguna da yawa da muke bayarwa kullum a kan waɗannan jijiyoyi suke aiki. Ventolin da mai asma ke shaƙa yana kwaikwayon kashi na farko ne a huhu. Atenolol da furofaranolol, magungunan hawan jini, suna rage tasirinsa a zuciya. Atrofin yana toshe kashi na biyu. Duk abin da ya taɓa waɗannan jijiyoyi, jiki yana jin sa cikin ɗan lokaci, kuma mai damfara abin da yake nema ke nan: ka ji wani abu a daren farko, ka ce lallai maganin nan yana da ƙarfi.

A tsakiyar zafin bazara aka kawo mana wani dattijo daga ƙauye, ɗansa da ƙaninsa na riƙe da shi. Yana ta sambatu, yana tsintar wani abu a jikin zanen gado da babu shi. Na taɓa goshinsa, zafi rau, amma babu ɗigon gumi ko a hammata, alhali mu da ke tsaye rigunanmu sun jiƙe. Harshensa a bushe ƙamas. Na haska masa tocila a ido, baƙin tsakiyar ya buɗe ya kusa cinye idon, haske bai sa ya tsuke ba. Bugun zuciyarsa ya haura 130 a minti, alhali na babban mutum a zaune tsakanin 60 ne da 100. Mararsa ta kumbura tam.

Ɗan ya ce, "Sista, tun jiya Baba bai yi hitsari ba, shina ta kamun abin da ba mu gani. Mu mun aza iskoki na."

Na ce, "Malam, me ya sha a kwanakin nan?"

Ya ce, "Ba shi shan komi sai na itace. Sun ce in baki ya bushe aiki shikai." Ya zaro leda daga aljihu. "Wanga na."

Muka sa masa robar fitsari, abin da ya fito ya fi lita. Da abubuwa suka lafa na zazzage garin a kan farar takarda. Ba a daka shi ya yi laushi ba. Ga 'ya'yan zaƙami nan a ciki, fala-fala, ruwan ƙasa, masu siffar ƙoda, wasu ko fashewa ba su yi ba. Ga kuma farin ɓarɓashi da ba na itace ba, har da wani guntu da ke ɗauke da layin nan da ake tsagawa a tsakiyar ƙwayar magani. Dattijon ya tashi, alhamdu lillahi. Lambar dokta kuwa da ɗansa ya kira, a kashe take.

Zaƙami ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, shi ne wanda ake kira haukata-yaro, mai fure kamar kakaki da ɗa mai ƙaya. A cikinsa akwai atrofin da hayosin. Suna busar da majinar ƙirji su ɗan buɗe hanyar numfashi, shi ya sa mai asma zai ji sauƙi a farko ya shiga yi wa maƙwabta talla. Mu ma muna amfani da waɗannan sinadarai. Atrofin ne muke ceton wanda ya sha fiya-fiya da shi, Buscopan da ake bayarwa don murɗar ciki daga dangin hayosin yake. Bambancin shi ne awo. Ƙwayar Buscopan miligiram 10 ce, yau da gobe. Zaƙami kuwa ƙarfinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa 'ya'ya, don haka cokalin da bai yi wa wani komai ba jiya zai iya kwantar da wani yau. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, maganin da ke hana gumi yana iya kashe mutum ta hanyar zafin jiki kaɗai. Ga dattijon da prostet ɗinsa, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya kumbura, fitsari ne zai tsaya cak. Ga mai wani nau'in hawan jinin ido, ana iya rasa ido a 'yan kwanaki.

Farin ɓarɓashin kuma tsohuwar sana'a ce: a daka ƙwayoyin kemis masu araha a cuɗa da sassaƙe. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yin wannan ha'inci da su ita ce deksametazon, wadda 'yan mata ke haɗawa a sha-ka-fashe. Tana kwantar da asma da ciwon gaɓoɓi, ta buɗe ciki, mutum ya ga ya yi kumatu ya ce lafiya ta samu. A ƙarƙashi tana tayar da suga da hawan jini, tana cin ciki da ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa ita rana ɗaya, sai likita ya rage a hankali.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne umarnin ajiye maganin asibiti. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa yake da sauƙin yi wa ƙarya. Wanda ya daɗe a kan atenolol ko furofaranolol, idan ya daina kwatsam, zuciyarsa takan zabura, jini ya yi sama fiye da inda yake da, mai ciwon zuciya ma yana iya samun bugun zuciya mai kisa. Sai ga shi a daidai wannan lokaci an ɗora masa zaƙami da ke ƙara mata gudu. Mace mai ciki da ta ajiye Aldomet, maganin hawan jininta, tana wasa ne da jijjiga. Mai asma da ya jefar da abin shaƙarsa, ranar da ƙirji ya riƙe da tsakar dare babu garin da zai buɗe shi. Ranar da ɓarin jikin mahaifinka ya shanye, masu farar riga suna wata kasuwar.

Ku ma masu shiga kemis ku ce "a haɗa mini na mura", ku kula. Yawancin magungunan mura da ake saya ba da takardar likita ba suna ɗauke da sudo'efedirin ko fenilefirin, masu tsuke hanyoyin jini don hanci ya buɗe. Suna tayar da jini, suna hana barci, suna riƙe wa tsofaffi fitsari. Piriton yana busar da baki ya sa gyangyaɗi, kuma yana ƙara wa zaƙami ƙarfi. Wanda ya sha garin nan, bakinsa ya bushe, kansa ya yi nauyi, ya ɗauka mura ce ya ƙara da na kemis, ya tara wa jijiyoyi ɗaya kaya uku. In kana da hawan jini, asma, suga ko matsalar fitsari, ka faɗa wa mai kemis kafin ya miƙo maka komai, in da hali ka nemi ƙwararren mai harhaɗa magunguna.

Za su nuna muku lambar NAFDAC a jikin takarda. Lamba kowa na iya bugawa, ku sa yaro ya duba ta a Greenbook, kundin magunguna masu rajista na hukumar a intanet, ya ga ko sunan da ya fito shi ne na jikin robar. Ko da lambar ta gaskiya ce, ga maganin gargajiya abin da take nufi shi ne an duba samfurin da aka kai ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana tallar cewa wani abu yana warkar da asma, hawan jini ko ciwon suga, haka kuma dokar 1999 kan jabun magunguna ta hana sayar da magani a kasuwa, tasha, bakin hanya ko cikin mota. Ba faɗa nake da masu maganin gargajiya ba. Wanda ya gaji sana'ar yana da gida, an san ƙofarsa, kuma da yawansu su ke cewa a tafi asibiti in abu ya fi ƙarfinsu. Waɗannan ba su da ƙofa, kuma suna ɓata wa na gaskiya suna.

Idan wani naku ya riga ya sha, ga abin yi. A daina ba shi nan take, amma wanda ya daɗe yana sha a kai shi wurin likita a ranar, ko da akwai deksametazon a ciki. In akwai sambatu, zafin jiki ba gumi, bugun zuciya ko rashin fitsari, a kama hanyar asibiti, ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko babban asibitin da ya fi kusa. A yi addu'a a hanya, kada a kwana ana jiran iskoki su sauka. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙe abin ya wuce huhu. A rage masa kaya, a shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, a yi masa fifita. A taho da ledar da duk ƙwayoyin da yake sha, har na kemis, a faɗa mana gaskiya. Babu wanda zai yi muku faɗa, minti goman da za mu ɓata muna lalube ya fi amfani a kan majinyacin. Wanda kuma ya ajiye maganin hawan jininsa, ko da yana jin garau, ya je a auna shi yau, likita ya faɗa masa yadda zai koma.

Duk wanda ya ga rumfar nan a unguwarsu ya ɗauki hoton lambar motar da takardar maganin, ya adana shaidar taransifa in ya biya, ya kai ofishin NAFDAC na jiha ko ya shigar da rahoto ta manhajarsu ta Med Safety. Ya kuma sanar da mai unguwa da limamin masallacin da suke fakewa a bakinsa, tun kafin Juma'a mai zuwa.