Jan bulo da dutsen Mandara a tsakar gida: sharhi a kan aikin da aka yi mana a Marwa, arewacin Kamaru

Tsakar gidanmu ta sha zafin Afrilu, ta sha ruwan Agusta, ta sha ƙurar hunturu, don haka yanzu ina da bakin magana a kan aikin da magini ya yi mana. Maigida ne ya biya kuɗin, amma ni nake wuni a cikinta, a nan ake daka, a nan ake wanki da girki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da aka yi shi ne daɓen jan bulo a filin tsakar gida gaba ɗaya, da dakalin dutse a jikin katanga, da rumfa, da murhu mai ɗan shinge, da wurin alwala. Daɓen ya cancanci kuɗin da aka kashe masa har da ƙari. Dakalin kuwa har yau ina ƙorafi a kansa.

Da can daɓen siminti ne da mu, kamar yawancin gidajen unguwa. Ya tsattsage, wani gefe ya tashi, wani ya lotsa, ciyawa na fitowa ta cikin tsagar. Mun kira maginin ne don ya fasa ya sake zuba wani mai kauri. Da ya zo, bai ko kalli simintin ba. Ya sa yaronsa ya haƙa rami a lungu, ya damƙo ƙasar ya jiƙa ta, ya murza ta a tafin hannu har ta yi igiya. Sai ya ce, “Hajiya, ƙasar nan numfashi take yi. Ko buhu nawa kika zuba mata, sai ta fasa shi.” Filinmu laka ne, dangin baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa dawar rani da ake kira muskuwari a cikinta bayan damina. Da rani tana bushewa ta dare har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Duk abin da aka shimfiɗa mata fale ɗaya mai tauri, sai ya bi ta sama ya bi ta ƙasa har ya karye.

Shawararsa ita ce a bar fale ɗaya, a koma ƙananan bulo da kowanne zai iya motsawa shi kaɗai. Suka haƙe lakar wajen santimita 40, aka kwashe ta da amalanke. Aka cike da jar ƙasa mai tsakuwa, ba a zube ta gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ake zubawa, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a ƙara. Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi ba maigida haushi, don kullum ya dawo daga kasuwa sai ya tarar da rami da ƙura, ba abin da ido zai gani ya ce an yi aiki. A kan wannan aka baza yashi mai kaurin santimita 4, yashin da ake haƙa a cikin kogin Kaliao in ruwa ya janye, aka tankaɗe shi. Sannan aka jera bulon, bibbiyu a tsaye bibbiyu a kwance, ba siminti ko kaɗan a tsakaninsu, sai yashi mai laushi da aka share ya cike ramukan. Bakin daɓen kawai aka ɗaure da siminti don kada jerin ya baje.

Amfanin wannan na gan shi da idona. Akwai tsohuwar darbejiya a tsakar gidan, wadda na hana a sare, don a Marwa wanda ya sare darbejiya ya sare wa kansa inuwa. An bar mata da'ira ba bulo, amma duk da haka saiwarta ta ɗaga wani gefe bayan damina. Yaron maginin ya zo da cokalin gini, ya zare bulon wurin, ya datse saiwar, ya gyara yashin, ya mai da su. Kafin la'asar an gama, ba a sayi ko cokali ɗaya na siminti ba.

Abu na biyu da nake yaba masa shi ne ruwa. Ruwan da ke sauka a Marwa a shekara wajen milimita 800 ne, ba wani mai yawa ba, amma kusan duka yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya ga yadda gadar Palar ta rufta a daminar 2020 ya san ruwan garin nan ba ya zuwa da sallama. Maginin ya kawo dogon tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, shi yana riƙe da baki ɗaya yaronsa ɗaya, suna bin jikin katanga suna sa alama da gawayi. Daga nan ya ja igiya, ya ba daɓen gangara ta santimita 2 a kowace mita, daga bakin ɗakuna zuwa rariya. Ido ba ya ganin gangarar, ƙafa ma ba ta ji. Kafin ya karɓi cikon kuɗinsa sai da ya sa aka sheƙa bokitai a kowane lungu muna tsaye muna kallon inda ruwan ke bi. A ƙarƙashin kowane indararo ya kwantar da faffaɗan dutse, don ruwan da ke faɗowa daga kwano kada ya tone yashin. Tun daga lokacin ruwa bai kwana a tsakar gidan ba, sauro ma ya ragu. Aibin da na gani guda ne, bakin rariyar ya yi ƙanƙanta. Ganyen darbejiya da 'ya'yanta suna toshe shi, sai an tura yaro da sanda cikin ruwan sama. Na faɗa masa, ya ce zai zo ya faɗaɗa, har yanzu ina jira.

Yanzu maganar bulon kansa, a nan ne yabo da suka suka haɗu. Jan bulo ba duka ɗaya ba ne ko da daga tanderu ɗaya ya fito. Na tsakiya ya gasu daidai, na bakin wuta ya ƙone ya yi baƙi ya karkace, na gefe kuwa wuta ba ta ratsa shi ba, ya fito fari-fari, ɗanye ne da jan riga. Lodin farko maginin da kansa ya tsaya a kai. Yana ɗaukar biyu ya gwara, in suka yi ƙara ras kamar ƙarfe ya ajiye dama, in suka yi dum ya jefa hagu. Wasu ya tsoma a ruwa ya bar su su kwana, da safe ya kankare da farce ya gani ko suna narkewa. Mai bulon ya yi ta mita, shi ko a jikinsa. Lodi na biyu kuwa ya zo lokacin da ya karɓi wani aiki a unguwar Domayo, ya bar mana yaransa. Su suka sauke suka jera ba tare da sun tantance ba. Yau ko baƙo zai iya nuna inda lodin farko ya ƙare. Ɓangaren murhu da wurin wanki, inda ruwa da sabulu ke yawan zuba, bulon yana ɓarewa, tsintsiya na kwasar jan gari kullum. Da na nuna masa bai yi musu ba, ya canza waɗanda suka fi lalacewa a kan kuɗinsa, amma sauran suna nan suna cinyewa a hankali.

Akwai kuma farin abu kamar kanwa da ya fito a fuskar bulon bayan ruwan farko. Na tsorata, na ɗauka lalacewa ce. Gishirin cikin ƙasar ne ruwa ke fito da shi, in ya bushe a goge da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa don komawa yake yi ciki. Ya ragu da kansa. A gefen da rana ba ta kaiwa, gansakuka kan fito a watan Agusta, akwai santsi, tsofaffi su kula.

Abin da ya sa duk da haka ba zan koma siminti ko tayil ba shi ne zafi. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, tayil ɗin barandar maƙwabciyata ba ya takuwa da rana, in an jiƙa shi kuma sai ya kayar da mutum. Bulo ma yana zafi, kada wani ya ruɗe ku, amma yana shan ruwa. Da la'asar sakaliya yara su yayyafa bokiti biyu, ruwan ya shige, ya riƙa fita a hankali yana tafiya da zafin, irin yadda randa ke sanyaya ruwa. Zuwa isha'i sai a shimfiɗa tabarma. Daren da wuta ta ɗauke, wanda ba baƙon abu ba ne a bazara, gidan gaba ɗaya a waje muke kwana.

Aikin dutsen kuwa wani mutum daban ne ya yi shi, wani dattijo ɗan ƙabilar Mafa daga wajen garin Mokolo da maginin ya ɗauko. Da Fillanci muke magana da shi, kamar yadda aka saba a kasuwa. Mutanen tsaunin Mandara sun gaji wannan sana'a, su ne suka yanka jikin duwatsu hawa-hawa da shingen dutse ba siminti, suna noma dawa a kai tun kaka da kakanni. Kallon aikinsa kaɗai abin a biya ne. Ya ɗauki dutse ya jujjuya shi a hannu, ya gwada, ya ajiye, ya ɗauki wani, ba gaggawa. Kowane dutse sai ya hau kan biyu na ƙasansa, ba ya bari tsaga ta hau kan tsaga, ƙananan kuma ya cusa su a ciki su riƙe manyan. Na ce, “Baba, ba za ka sa siminti ba?” Ya hau kan shingen ya yi tsalle, ya sauko bai ce komai ba. Shingen murhu da da'irar darbejiya duk aikinsa ne, ba wanda ya motsa. Sai dai ramukan tsakanin duwatsun sun zama gidan kunama da ƙadangaru, ga yara suna wasa a wurin. Dole aka dawo aka liƙe su da siminti da yashi da ɗan farar ƙasar garin Figil. Ya rage masa kyau kaɗan, ni dai hankalina ya kwanta.

Dakalin ne matsalar, kuma laifin ba na dattijon ba ne, inda aka nuna masa nan ya gina. Maginin ya sa shi a jikin katangar gabas, yana kallon yamma, wai don ya dace da ƙofar zaure. Ke nan tun daga azahar har faɗuwar rana yana gasuwa. Dutse ba ya shan ruwa kamar bulo, ya ɗauki zafi ya riƙe, har bayan isha'i in ka zauna sai ka miƙe. An yi shi don hirar yamma, ya koma wurin shanya kuɓewa da barkono. Da hunturu kam yana da daɗi, tsohuwarmu ba ta tashi daga kansa da dare. Amma wata nawa ne hunturun? Mutumin da ya murza ƙasa a hannu ya gane halinta, bai kamata ya manta ya ɗaga kai ya dubi rana ba.

Rumfar ba ta da abin faɗa da yawa. Ginshiƙan bulo, azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, zana a sama. Zanar takan buƙaci canji, amma inuwarta ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba. Wurin alwala ya yi daidai, da ɗan tudun zama da tsakuwa a ƙasa, ruwa ba ya fantsama a tufafi. Abin da ba wanda ya tuna sai da muka fara amfani shi ne turmi. Daka na farko ya fasa bulo biyu ya lotsa wurin. Maganinsa, aka zare bulon gefe ɗaya aka binne faffaɗan dutse daidai da daɓen, a nan turmi ke zama yanzu. Duk macen da za a yi wa irin wannan aiki ta faɗi wurin turminta tun ana jan igiya.

Kuɗi ya haura abin da aka yi magana da farko, galibi saboda kwashe laka da sayen ƙasar ciko, waɗanda ba sa cikin lissafin farko. Wannan bai ɓoye ba, ya faɗa tun ranar da ya haƙa ramin. Siminti kaɗan aka saya, buhunan kilo 50 da suka shiga aikin ba su kai rabin abin da sabon daɓen siminti zai ci ba, amma kuɗin hannu da na tifa sun cinye rarar. Lokaci kuwa bai cika alkawari ba. Ya ce kafin azumi, sai bayan salla aka kwashe kayan aiki, muna girki a zaure cikin ƙura. Yaransa dai masu ladabi ne, ba sa shigowa sai sun yi sallama an ba su izini, ko cokali bai ɓata ba.

Ƙanwata a Garwa ta tambaye ni ko in turo mata shi. Na ce zan turo, da sharaɗi ta riƙe kaso mai kauri na kuɗin har sai an gama, kuma kada a sauke bulo ko ɗaya in ba ya tsaye a wurin. Na kuma ce ta fita tsakar gidanta da ƙarfe 4 na yamma ta ga inda inuwa take kafin kowa ya nuna mata wurin dakali. Namu dai mun yanke shawarar ja masa rumfar zana ta gaba kafin bazara mai zuwa, maigida yana cigiyar azara.