Sharhi: Kwanan Bauchi kafin shiga Yankari, ko ya ci kuɗinsa?

Kamfanin da ya shirya mana tafiya gandun namun daji na Yankari daga Kano tsari biyu ya miƙo mana. Na farko a ɗauke ku da asuba a zarce da ku har sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, ba tsayawa sai ta salla da shan mai. Na biyu a ƙara kuɗi a kwana a Bauchi, a zagaya da ku gari, washegari a shiga daji. Na biyun muka ɗauka ni da maiɗakina da yara, kuma a kan wannan ƙarin nake son yin magana, don sharhin Yankari kanta ya cika intanet, amma da wuya ka ga wanda ya gaya maka ko tsayawar Bauchi ta cancanci abin da ake karɓa a kanta. A ganina ta cancanta, da sharaɗin a yi ta kafin shiga dajin, kuma ka tsaya kai da fata a kan jadawalin tun kafin ka biya.

Mota da direba ba ni da ƙorafi a kansu. Bas ce ƙarama mai sanyi, direban dattijo ne da ba ya gudun ganganci. Muka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi. Da muka zo daidai Kafin Madaki ya rage gudu ya ce, "Malam, gidan Madaki da Babban Gwani ya gina yana nan ciki, amma ba a sa mini shi a takarda ba." Babban Gwani Muhammadu Durugu ke nan, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A ce kana sayar wa mutane yawon tarihi, motarka ta wuce ta ƙofar irin wannan gini, kuma ba ka ware masa ko rabin awa ba? Wannan ne giɓi na farko da na gani a tsarin nasu.

A Bauchi aka haɗa mu da ɗan rakiya, matashi ɗan cikin gari, kuma shi ne mafi darajar abin da kuɗinmu ya saya. Bai haddace magana yana zuba mana ita ba. Ya fara da mu daga Ƙofar Wunti, yana nuna mana inda ganuwa ta bi da inda gidaje suka cinye ta, yana lissafo sauran ƙofofin, su Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Inkil, Ƙofar Dumi. Ya ba yara labarin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓo tuta alhali shi ba Bafulatani ba ne, Bageri ne, ya kafa birnin a 1809, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Ƙaramar 'yata ta ce, "Kawu, to ina katangar ta tafi?" Ya yi dariya ya ce ruwan sama ya ci rabi, masu gini suka ci sauran. A ƙofar fada muka gaisa da dogarai, muka tsaya a filin da ke gabanta. Ciki kam ba mu shiga ba, kamfanin bai nemi izini tun da wuri ba, ko da yake a takardar tallarsu "ziyarar fada" suka rubuta. Wanda ya damu da shiga ya tambaye su ƙarara kafin ya biya: tsayawa a ƙofa kuke nufi, ko shiga?

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne abin da ya sa na ce kwanan ya ci kuɗinsa. Kowa ya san fuskar mutumin a jikin naira biyar, kowa ya san shi ne Firayim Ministan Najeriya na farko, an haife shi a 1912, sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka tsara ginin, wanda aka buɗe a 1979. Daga waje ba shi da wani ƙyale-ƙyale, doguwar katanga ce kawai. Kana shiga sai ka faɗa wani lungu mai duhu, kana tafiya kana lalube, sai can ka ga ɗan haske ya ratso ta sama, ka sake komawa duhu. Jami'in wurin ya ce duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma fatan samun 'yanci. Yarona da ya shigo yana surutu sai da ya kamo hannuna. Daga nan ka hau matakala ka fito fili fayau, babu rufi, rana na dukan ka, katangun an lulluɓe su da ƙananan tayil kala-kala da ke wakiltar ƙabilun ƙasar. Kabarin yana tsakiya, ba ado ba komai. Muka yi masa addu'a.

A gefe akwai ɗakin da aka ajiye hotunansa da wasu kayan da ya yi amfani da su. Idan ka duba kayan ka tuna muƙamin da ya riƙe, dole ka jinjina kai, don abin da ke wurin bai fi na wani malamin makaranta mai rufin asiri ba, kuma dama malamin makarantar ne kafin siyasa, a Midil ta Bauchi ya koyar bayan ya gama Kwalejin Katsina. To a nan ne fa raina ya ɓaci. Ko rabin hotunan ba mu gama kallo ba wakilin kamfanin ya fara bugo wa ɗan rakiyar waya, wai lokacin abinci ya yi, an riga an yi oda a wani gidan abinci. Yaron nan ya rasa yadda zai yi, sai haƙuri yake ba mu: "Malam, a yi mini afuwa, daga sama ne." Na ce ya gaya musu abincin ya huce. Wuri irin wannan awa guda da rabi yake buƙata, ba tsayawar ɗaukar hoto ba.

Abincin da aka katse mana kallo dominsa kuwa shinkafa ce da kaza irin wadda za ka samu a kowane gari. Ka kawo baƙi Bauchi ka ba su soyayyar shinkafa! Da yamma maiɗakina ta ce ita fa ba za ta bar garin nan ba ta ci masa ba, sai ɗan rakiyar ya kai mu wajen wata mai tuya a cikin gari, daga aljihunmu muka biya. Tanda na kan wuta, matar na zuba ƙullu da ludayi tana juya na gefe da tsinke, hannunta bai tsaya ba ko da take amsa gaisuwarmu. Masar faffaɗa ce, gefenta ya soyu ya yi ƙus-ƙus, cikinta fari tas mai laushi kamar auduga, da ɗan tsami kaɗan. Aka zuba mana miyar taushe da tantaƙwashi, yara kuma suka ce su da ƙuli da sukari za su ci. Sunan da masar Bauchi ta yi ba a banza ba ne. Da ni ne mai kamfanin, da na soke gidan abincin na sa wannan a jadawali, ga arha ga abin tunawa.

Masaukin da suka sauke mu matsakaici ne. Zanen gado mai tsabta, ma'aikata masu fara'a, amma an kashe janareta tsakar dare, famfon banɗaki kuma sai da aka kawo mana ruwa a bokiti. Sanyin hunturu ya rufa musu asiri. Wanda zai zo a Maris ko Afrilu, lokacin da aka fi ganin namun daji saboda ciyawa ta bushe sun taru a bakin kogin Gaji, ya tambayi zancen wuta da kyau, don zafin lokacin ba wasa ba ne.

Dalilin da ya sa na nace a yi Bauchi kafin daji bai tsaya kan tarihi ba. Daga Bauchi zuwa Wikki ya haura kilomita 100: ka bi hanyar Gombe, ka karkata a Dindima, ka isa babbar ƙofa a Mainamaji, daga nan ma akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin dajin kafin sansani. Dajin ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Idan ka shiga ka shiga ke nan, ba wani kanti da za ka leƙa a bayan gida. Da safe ɗan rakiyar ya bi da mu kasuwar Muda Lawal muka sayi lemo da ayaba da kankana, muka ɗauki katan-katan na ruwa, muka ciri tsabar kuɗi a wajen mai POS saboda sabis ɗin waya a ciki yana zuwa yana ɗaukewa. Shi ne kuma ya ce a sa kayan ci a jaka mai zif, kada a riƙe leda a hannu a sansanin, don birai sun san leda sarai. Gaskiyarsa: a gabanmu wani gwaggon biri ya fizge burodi daga hannun wani bawan Allah ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallon sa. Ga shi kuma wanda ya kwana a Bauchi yana isa da hantsi, ya huta, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke nan a kan digiri 31 rani da damina, ya kuma samu fitar yamma ta kallon dabbobi. Waɗanda suka taso daga Kano kai tsaye a ranar sun iso a gajiye bayan motar kallo ta tashi. A dawowa kuwa babu mai sauran ƙarfin zagaya gari, yaranmu tun kafin Dindima suka yi barci.

Wani abu da ya kamata kamfanin ya riƙa gaya wa iyaye: babu raƙumin dawa da jakin dawa a Yankari. Giwa, ɓauna, gwambaza, gwanki, mugun dawa, dorina, waɗannan ne nata, giwar ma sai an dace. Masu dogon wuya da masu zane suna gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006, kuma ta wannan yankin motar Kano take ratsawa. Yaranmu raƙumin dawa suka zo gani, sai a bakin ɗan rakiyar muka ji haka, bayan mun baro wurin a baya.

Zan sake ɗaukar tsarin, kuma zan ba ɗan'uwa shawarar ya ɗauka, amma ba yadda suke sayar da shi ba. Ka ce a rubuta maka awa nawa za a yi a kabarin, a cire kuɗin abincin rana ka ci abin da kake so, a ƙara Sumu ko Kafin Madaki a hanyar zuwa ko da za ka yi ciko. Idan sun ƙi, ka karɓi mota da direba kawai, ka nemi ɗan rakiya da masauki da kanka. Namu ɗan rakiyar sai da muka ƙara masa wani abu a kan abin da kamfanin ya ba shi, don rabin abin da muka more a garin ba ya cikin takardarsu.