Allunan soso na ratayewa: sharhi a kan aikin wani kafinta a Sabon Gari

Da yawa daga cikin matasan da ke naɗar murya a Damagaram, ko mawaƙa ne, ko masu karanta talla don gidajen rediyo, ko masu shirya darussa domin sakawa a intanet, a ɗakin haya suke aiki, kuma ɗan haya ba shi da ikon yin yadda ya ga dama da bangon wani. Saboda haka, kafin mutum ya tsaya zaɓen irin soson da zai saya don rage amsa-kuwwar ɗaki, ya kamata ya fara sanin yadda zai kafa shi, da yadda zai cire shi ranar tashi ba tare da ya bar wa mai gida bango duk tabo ba. Wannan sharhi a kan aikin wani kafinta ne da ke unguwar Sabon Gari, wanda ya yi mini allunan da ake manna soson a jikinsu a rataye, kuma na yi amfani da su tun daga hunturu har damina ta sauka.

Soson da nake magana a kai shi ne wanda ƴan kasuwa ke shigo da shi ta hanyar Kano, mai faɗin santimita 30 a kowane gefe, mai kaurin santimita 5, wanda fuskarsa ke da tudu da kwari. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma wannan rashin nauyin ne ke yaudarar mutane su ɗauka kowane irin salatif zai riƙe shi. Na gwada salatif mai fuska biyu irin wanda ake sayarwa ba suna a jikinsa, ya riƙe a lokacin sanyi, amma da bazara ta kama sai soson ya riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Dalilan a fili suke. Bayan soson duk ƙananan ramuka ne, don haka gam ɗin salatif ba ya samun shafaffen wurin da zai kama. Fentin ruwa da ake shafa wa yawancin ɗakunanmu yana fitar da gari idan aka goga masa hannu, sai ya zamana salatif ɗin garin ya kama, ba bangon ba. Ga kuma zafi. Ko maƙalan Command na kamfanin 3M, waɗanda aka ƙera musamman domin a cire su ba tare da sun ɓamɓare fenti ba, masu yin su sun ƙayyade cewa a yi amfani da su tsakanin digiri 10 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma a kan bango mai santsi. Duk wanda ya zauna a ɗaki mai rufin kwano a garin nan cikin watan Afrilu ko Mayu ya san cewa wannan iyaka ba ta da wuyar ƙetarewa. Su kuwa dogayen allurai da ake gani a bidiyon Turawa ana soke soso da su, bangonsu ne mai laushi. A bangon siminti lanƙwashewa kawai za su yi.

Dabarar kafintan ita ce a raba soson da bango gaba ɗaya. Yana ɗaukar siririn katako irin wanda ake yin silin da shi, wanda falle ɗaya ke da tsawon santimita 244 da faɗin 122, ya yanka shi gida huɗu, kowane allo ya tashi kusan santimita 120 a tsaye da 60 a kwance, daidai da soso takwas. A jikin wannan allo ake manna soson da gam, mannawa ta dindindin, domin allon naka ne, ba na mai gida ba. Sannan ya zagaye bayan allon da ƴan siraran sanduna don kada ya lanƙwashe.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne maratayin. Sanda ɗaya yake tsagawa biyu a tsawonta, yankan a karkace bisa kusurwar digiri 45. Rabi ɗaya ana ɗaure shi a bango da sukuru, bakinsa mai karkata yana kallon sama. Ɗaya rabin yana bayan allon, bakinsa yana kallon ƙasa. Idan aka ɗaga allon aka sauke shi a hankali, sai bakunan biyu su shige juna, nauyin allon da kansa ya ƙara matse su. Babu igiya, babu ƙugiya, kuma mutum ɗaya yana iya sauke allon ba tare da wani kayan aiki ba. Da yake sandar bangon doguwa ce, ana iya tura allo hagu ko dama har a sami wurin da ya fi dacewa, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba ga wanda ya riga ya shafa wa bango gam. Na ga amfanin wannan sosai lokacin da nake neman inda sauti ke fara dukan bango ya dawo: mutum ya zauna a mazauninsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda aka hango lasifika a cikin madubin, nan ne allo ya kamata ya tsaya. Ga mai naɗar murya kaɗai kuwa, bangon da ke bayansa ya fi buƙatar allo, domin can ne makirufo yake fuskanta.

Akwai wata riba da maratayin ke bayarwa wadda ba a yi niyyarta ba, wato sauƙin kula da soson. Ƙurar hunturu tana shiga ramukansa ta zauna, kuma soson da aka manna a bango sai dai a kalle shi yana komawa ja. Wannan kuwa ana sauke shi, a fita da shi inuwa, a kifa shi, a bubbuga bayan allon a hankali, ƙurar ta zube. Na ce inuwa ne da gangan, domin hasken rana yana sa irin wannan soso ya sauya launi, daga baya ya fara marmashewa.

Aikin bai rasa aibi ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun da wuri. A allon farko yaran shagon sun zuba gam fiye da kima, soson ya sha, wurin ya sandare ya yi tauri, alhali ramukan nan da gam ya toshe su ne ke shanye sauti. Da na nuna masa, ya karɓa da kyakkyawar fuska, ya ce mini, Malam, a bar mini wannan, sauran za a ɗiga gam ɗin ne a kusurwoyi da tsakiya kawai, kuma haka aka yi. Warin gam ɗin yana da ƙarfi, ya ɗauki kwanaki kafin ya fita, don haka kada a shigar da allunan ɗakin da za a rufe ƙofa da taga a ranar da aka karɓo su. Bai shafa wa katakon maganin gara ba sai da na nema, wanda a ganina abu ne da ya kamata ya zama cikin aikin tun asali a gari irin namu. Ranar da ya yi alkawari ma ta wuce kafin aikin ya kammala. Da damina ta sauka, allo ɗaya da sandunan bayansa suka yi siranta ya ɗan lanƙwashe a ƙasa, ko da yake bai fita daga maratayinsa ba.

Kuɗin katako da na aikin hannu, idan aka haɗa, bai kai abin da na kashe wajen sayen soson kansa ba, kuma ina ganin ya cancanci hakan, musamman idan aka tuna cewa soson da aka ɓamɓaro daga bango yakan yage, ya zama asara biyu: ga sabon fenti da za a biya, ga soson da ba zai sake moruwa ba.

Dole in faɗi abin da allunan ba za su yi ba, domin na ji mutane suna zargin kafinta ko mai sayar da soso a kan abin da ba laifinsu ba ne. Soso yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma ba ya hana ƙarar kabu-kabu ko injin markaɗen maƙwabta shigowa. Wannan aikin bango mai kauri ne da ƙofa da taga masu rufuwa ruf. Haka kuma ba ya iya wa sauti mai kauri irin na ganga, domin zangon sautin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa ya haura mita 3, soso mai santimita 5 kuwa bai isa ya tare shi ba. Abin da yake gyarawa shi ne tsakiya da saman murya, inda kalmomi ke fita ko su cakuɗe, kuma a nan na ji bambanci ƙarara.

Batun wuta ba abin wasa ba ne. Irin wannan soso yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne. Gobarar da ta kashe mutum 100 a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka a shekarar 2003 ta bi ta soson da aka manna a bango ne. Kafintan ya yi daidai da ya ƙi kafa sanda kusa da soket, kuma duk mai amfani da allunan ya nisanta su da kwan fitila mai zafi, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turare.

Wannan tsari na bangon siminti ne, kuma yana buƙatar a huda ƴan ramuka, saboda haka a nemi izinin mai gida tukuna. Idan an tashi, ana kwance sukurun, a cike ramukan da ɗan siminti, a shafa fenti a wurin. Waɗanda ke zaune a gidajen ƙasa irin na cikin Birni, inda sukuru ba ya kamawa sai dai ya rarake yaɓen, su nemi ya yi musu allon da ƙafafu, a tsayar da shi a ƙasa a jingina da bango, a ɗora wani abu mai nauyi a kan ƙafafun domin kada iskar fanka ta kayar da shi.