Gargaɗi ga masu tirela: ana yi wa mataccen tayarod kwalliya a sayar da sunan sabo

Assalamu alaikum direbobi, masu motoci da makanikai. Abin da ya same ni watan jiya ne ya hana ni yin shiru.

Tirela DAF ɗaya gare ni, da ita nake ci da iyalina. Direbana ya fara kukan sitiyari na rawa, mota na yawo a titi, tayar gaba tana cinyewa ta gefe guda. Makanike ya duba ya ce kan tayarod ya mutu, wato mahaɗar nan mai ƙwallo da ke ƙarshen ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba biyu. Sai wani mai tallar kayan gyara a WhatsApp ya turo min hoto: kwali mai sunan Lemförder, roba sabuwa, fenti na ƙyalli, kuɗin kuma bai kai rabin na shago ba. Ya ce kwantenarsa ce ta sauka, kuɗi yake nema da gaggawa. Na tura, ya ba da saƙo a tasha.

Kwana 20 da ɗaurawa, a Mararrabar Jos, direba na juya mota ɗauke da siminti buhu 600, sai ƙwallon ya fice daga gidansa. Taya ɗaya na bin sitiyari, ɗaya ta kama gabanta. Allah ya sa tafiyar ba ta wuce ta mai ƙafa ba. In na tuna da a gangaren Hawan Kibo ne, wallahi jikina sanyi yake yi.

Da muka yanka shi da inji muka ga ta'asar. Tsoho ne da ya gama aiki. An buɗe marfin bayansa, an cusa guntun gwangwani don ya cike gurbin da ya cinye, an matse marfin da guduma, an ɗura giris mai kauri, aka sa roba aka fesa fenti. Shi kuwa kamfanin da sunansa ke jikin kwalin bai san an yi ba, kwalin ma jabu ne.

Inda suke cin mu shi ne al'adarmu ta gwada kaya da hannu. Ka murɗa ƙwallon ka ji ya yi tauri, ka ce lafiya lau. To taurin nan na guduma ne. Na gaskiya yana juyawa da nauyi iri ɗaya ta kowane ɓangare, wanda aka matse kuwa zai cije a nan, ya saki a can. Kuma ku tuna aikin ƙarfen nan: dirag link ke ɗauko umarni daga akwatin sitiyari zuwa taya ɗaya, tayarod kuma shi kaɗai ke isar da shi ga ɗaya tayar. In ya rabu, babu wani abu da ke sarrafa ta.

Kafin ka biya, juya bayansa ka dubi marfin. Sawun guduma ko ɗigon walda ya isa ka ajiye. Kankare fentin da farce ko makulli, tsatsa na ɓoye a ƙasa. Dubi zaren noti da wuyan ƙwallon: wanda aka taɓa ɗaurawa yana da sheƙi da zane a wurin da ya zauna. Ɗaga robar kaɗan, in giris ɗin baƙi ne mai tsakuwa, an gama magana. Ba na zagin kayan Beljiyam, mai gaskiya zai ce maka na hannu ne, ka saya da saninka. Wannan kuwa ha'inci ne da ran mutane.

Bayan an ɗaura ma kada a tsaya nan. A bar taya a ƙasa, a ta da inji, yaron mota ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, makanike na ƙasa yana kallon kowace mahaɗa. A Amurka, masu binciken manyan motoci na hana mota tafiya in motsin mahaɗar ya wuce kamar milimita 3 da ƙarfin hannu kawai. A tabbatar an sa fin ɗin da ke hana noti kwancewa, kada a maye shi da ƙusa, sannan a je a yi alaimen, wato saita tayoyi.

Mai tallar ya toshe lambata, na ga kuma ya dawo da wani suna a wani zauren direbobi, da hotunan nan dai. Na kai ƙara wurin 'yan sanda da shugabannin ƙungiyarmu. Ya faɗa min da bakinsa guda 4 ya sayar a satin, nawa ɗaya ne. Duk wanda ya sayi kan tayarod ta wannan hanya, don Allah ya shiga ƙarƙashin motarsa kafin ya yi lodi.