Rautar Wi-Fi 6 ko rifita?

Malam, game da tambayarka kan ɗakin da Wi-Fi ba ya isa sosai: tsakanin rifitar (na'urar da ke karɓar sigina ta maimaita ta) da kake tunanin jonawa a baranda da sabuwar rauta mai Wi-Fi 6, sayi rautar kawai.

Ita nake amfani da ita a gidanmu a Unguwar Dosa, gida mai yawa, kuma kusan kowane maƙwabci da MiFi ɗinsa a kunne. A da, idan Hajiya tana kiran bidiyo da jikokinta daga ɗakinta na ƙurya, hoto sai ya daskare, ta yi ta "kuna ji na?" har ta gaji ta ajiye. Da na canza rauta na ɗaga ta sama a tsakiyar gida, yanzu sai ta kwashe hira har ana kiran Magariba ba ta nemi kowa ya zo ya duba mata waya ba. Layin data bai canza ba, kamfani ɗaya ne.

Sigina idan ta ratsa bangon bulo ko ta yi karo da ta maƙwabta, wani ɓangaren saƙon yana isa a lalace. Hanya biyu ce ta magance hakan. Ko dai wayarka ta ƙi karɓa a sake turowa, wanda shi ke cin lokaci, ko kuma tun farko rauta ta haɗa saƙon da wasu ƙarin lambobi na lissafi, yadda waya za ta gyara kuskuren da kanta. Kamar wasiƙar da ruwa ya taɓa ce, wasu haruffa sun goge amma sauran sun isa ka cike gurbin. Idan hanya ba kyau, rabin abin da ake turowa na gyara ne. Idan hanya ta yi kyau, kashi biyar cikin shida saƙonka ne zalla. Rauta da kanta take hawa da sauka tsakanin waɗannan matakai, shi ya sa gudu ke raguwa kana nisa da ita.

Dabarar gyaran da ta fi ƙarfi a Wi-Fi ana kiranta LDPC. Wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Robert Gallager, ya ƙirƙiro ta a 1960, aka jingine ta shekaru da dama saboda kwamfutocin lokacin ba su iya lissafinta. Ta shigo Wi-Fi a 2009, amma a matsayin ganin dama, don haka na'urori masu araha da yawa suka tsallake ta. A Wi-Fi 6 ne ta zama dole a manyan matakan gudu. Ba za ta fasa maka dekin ba, ƙarin da take yi daidai gwargwado ne, amma a ɗakin da sigina ke gargada, wannan ɗan ƙarin shi ke hana sake turowa. Sai dai wayarka ma ta zama mai Wi-Fi 6.

Rifita kuwa, tawa tana cikin durowa. Mai rediyo ɗaya sai ta saurara sannan ta maimaita a tasha guda, gudu ya ragu kusan rabi. Sandunan sigina za su cika maka ido, bidiyo yana nan yana juyi. Idan ɗakin a wani sashen yake can bayan gida, ja kebul ka sa wata rautar a can.

Ka yi hattara a kasuwa. Wani zai nuna maka 5GHz a kwali ya ce ai 5G ce, alhali ba abin da ya haɗa su: 5GHz tashar Wi-Fi ce, 5G kuwa ta layin data ce. Kada yawan eriya ya ruɗe ka, juya ƙasan na'urar ka nemi 802.11ax, wato Wi-Fi 6. Lambar AX1800 da ke jikin kwali ma kusan jimillar gudun tashoshi biyu ce, 574Mbps a 2.4GHz da 1201Mbps a 5GHz, kuma yawancin wayoyi tasha ɗaya suke hawa a lokaci guda. AX1500 kuma yawanci ɓangarenta na 2.4GHz tsohon tsari ne, kuma shi ne mai ratsa bango, wato wanda kake buƙata. Ɗauki AX1800, a kunna maka a shagon, ka jona wayarka ka gani kafin kuɗi ya bar hannunka.