Hitar gas mai tatse tururi: zafinta ya yi, bututunta ya sha mini kai

Da a ce zafin ruwa kaɗai ake tambayata, da tauraro biyar zan ba wannan hita in tashi abina. Kana murɗa famfo, kafin ka gama cuɗa hannu ruwan ɗumi ya iso, kuma mutum biyu za su yi wanka a lokaci guda ba wanda zai ƙwala wa wani kira ya rage ruwa. Gas ma ya ragu, wannan ba sai an faɗa mini ba tunda ni nake biya. Irin hitar nan ce da ba ta barin zafin hayaƙinta ya tafi a banza, sai ta tatse shi har tururin da ke ciki ya koma ruwa. Shi ya sa take cin moriyar fiye da kashi 90 cikin 100 na gas ɗin da ta ƙona, alhali irin tsohuwar da na cire da ƙyar suke taɓa 80.

To amma ba yabo ne ya zaunar da ni rubutun nan ba. Bututun hayaƙi ne, da kuma ruwan da take zubarwa, wanda babu mahaluƙin da ya ambata mini shi ranar da nake ƙirga kuɗi.

Mai kafawar da masu sayarwa suka haɗa ni da shi ya zo da fararen bututun roba guda biyu, ɗaya na shigo da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Ya bi da su ta saman ɗakin ajiya, ya huda bango ya fitar. Na ce masa, Malam, roba da hayaƙin wuta? Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan hayaƙin ba ya ƙuna, ko hannu ka ɗora ba abin da za ka ji." A nan kam gaskiya ya faɗa. Hayaƙin tsohuwar hita yakan wuce digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, dole sai bututun ƙarfe, na wannan kuwa galibi bai kai 60 ba. Na ɗora hannu, ɗumi ne kawai. Aiki ya yi kyau a ido, ya shafa gam, ya goge, ya tafi.

Bayan 'yan makonni sai na fara jin wata ƙara daga ɗakin ajiya duk sanda hitar ta tashi, ƙulu-ƙulu-ƙulu, irin ta iska tana kutsawa cikin ruwa. Ban kawo komai a raina ba. Sai ta fara ɗaukewa. Kana tsakiyar wanka, sabulu a ido, ruwa ya rikiɗe ya koma sanyi ƙarara, ka ɗaura tawul ka fito ka tarar da wata lamba tana ƙyaftawa a allonta. Ka kashe ka kunna, ta yi aiki na ɗan lokaci, ta sake ɗaukewa. Abin ya fi tsanani da asuba, daidai lokacin da kowa a gidan yake buƙatarta. Maiɗakina ta daina yi mini magana a kai, sai dai in ga ta ɗora tukunya a wuta, wanda ya fi maganar ciwo.

Na kira mai kafawa. Zuwan farko ya ce gas ne ba shi da ƙarfi. Aka auna, gas lafiya lau. Ya dawo ya ce fankar ciki ce, in nemi masu garanti su canja. Masu garanti suka ce in karanto musu lambar da ke allon, na karanto, suka ce wannan lambar toshewar hanyar hayaƙi take nufi, ba ruwansu da aikin kafawa, in koma wa wanda ya kafa. Shi kuma ya hau tsani, ya leƙa bakin bututun daga waje, ya haska tocila, ya ce ba tsuntsu ba ganye, "bututu fes yake, yallaɓai." Haka suka riƙa buga ni tsakaninsu, ni kuma ina wanka da bokiti a gidan da na kafa sabuwar hita.

Wani dattijon mai aikin gas ne ya warware zancen, kuma ko murfin hitar bai buɗe ba. Yana jin ƙarar nan ya ce a nuna masa inda bututun ya bi. Ya shiga ɗakin ajiya, ya ɗora lebur ɗin magina a kan bututun hayaƙi, ya kira ni ya ce in duba ƙwayar ruwan da idona. Maimakon bututun ya gangaro ta wajen hita, a kwance yake ɗoɗar, kuma a tsakiya, inda aka bar tazara mai nisa babu abin riƙo, ya yi ciki ya lotsa. Ya rufe gas, ya zare wuta, ya sa ni na tara bokiti, ya yanka bututun daidai lotsawar. Ruwa ya zubo shaa, ruwa mai ɗan wari, har ya fantsama mini a ƙafar wando. A cikin bututun hayaƙi fa! Na tsaya ina kallon bokitin nan na rasa abin cewa.

Ya ce, ɗana, wannan ba abin mamaki ba ne, haka aka ƙera ta. Gas idan ya ƙone ba hayaƙi kaɗai yake bayarwa ba, har da tururi, kuma da yawa: kubik mita ɗaya, wato lita dubu, ta gas ɗin bututu tana haifar da ruwa wajen lita 1.6. A tsohuwar hita duk wannan yana fita da zafinsa ba ka ganinsa. Wannan kuwa tana sanyaya hayaƙin har ya sauko ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka, a nan ne tururi yake fara komawa ruwa, kamar gumin da ke tsattsafowa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Mafi yawansa a cikin hitar yake zuba, amma sauran yana ci gaba da taruwa a jikin bututun har bakin bango. Saboda haka dole bututun ya karkato ta wajen hita, ruwan ya gangaro ya koma inda aka tanadar masa mafita. Ya buɗe littafin da ya zo cikin kwalin, wanda mai kafawa ko ledarsa bai yage ba, ya nuna mini: kwatan inci a kowace ƙafa, wato wajen santimita 2 a kowace mita, da abin riƙo kusan kowace mita don kada roba ta lotsa idan ta ji ɗumi. Idan ruwa ya kwanta a lotsawa, hanya ta ƙuntata, fanka ta yi ta turawa ba ta samun wucewa, sai na'urar da ke lura da matsin iska ta kashe wuta. Da asuba bututun ya fi sanyi, gumi ya fi yawa, shi ya sa ta fi ɗaukewa a lokacin.

A nan har na ji hitar ta ƙara girma a idona. Ashe ɗaukewar da nake tsine mata a kai kare mu take yi. Da ta ci gaba da ci da hanya a toshe, wuta ba za ta ƙone daidai ba, kuma daga nan ne iskar nan mai guba, kabon monoksaid, take samuwa, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ranar na ce a raina tauraro huɗu ba za su yi mata yawa ba, laifin na mai kafawa ne.

Dattijon ya sake shimfiɗa bututun, ya ba shi gangara, ya ƙara maƙalai. Ya kuma cire gwiwa biyu da aka saka ba gaira ba dalili don kawai a kauce wa wani katako. Ya ce kowace gwiwa ana lissafa ta a matsayin ƙarin tsawo, kuma littafin ya ƙayyade iyakar tsawon da fankar za ta iya turawa, namu saura ƙiris ya wuce. Ya duba rubutun da ke jikin bututun ya ce da sauƙi, mai cikakken kauri ne, ba irin mai soso a tsakiya ba da aka hana amfani da shi a hayaƙi. Da za a ɗaga zafin hitar sosai, in ji shi, da sai an koma CPVC ko folifirofilin, robobin da suka fi jure zafi, domin PVC na yau da kullum, irin robar da aka saka mini, ba ya jure abin da ya wuce digiri 60 da ɗoriya. Aka kunna, ƙulu-ƙulu ta ɓace.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yana tattara kayansa sai idonsa ya sauka a kan ɗan siririn tiyon da ke fitowa daga ƙasan hitar. Mai kafawa ya ja shi ne kawai ya yar a daɓe kusa da magudanar ƙasa, ruwan ya riƙa bin siminti yana shiga. Dattijon ya durƙusa ya kankari wurin da farce. Siminti ya yi fari, ya yi laushi, yana marmashewa, yashi ya fito fili a ɗan layin da ruwan yake bi. Murfin magudanar na ƙarfe ya yi jawur da tsatsa, gefe ɗaya har ya fara cinyewa. Ni ina ganin wurin kullum, na ɗauka datti ne.

Ruwan nan asid ne. Ba mai ƙona fata ba, amma a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda raguwar lambarsa ke nufin ƙaruwar tsami, yakan tsaya tsakanin 3 da 5, ruwan sha kuwa wajen 7 yake. Ya ciro wata 'yar takardar gwaji daga aljihu ya tsoma, nan take ta rine ta yi ja-ja. Irin wannan ruwa roba ba ta damu da shi ba, amma siminti, baƙin ƙarfe da jan ƙarfe a hankali yake cin su, ɗigo bayan ɗigo, kuma babbar hita idan tana aiki da ƙarfinta tana iya zubar da 'yan litoci a awa guda. Magudanar gidana ta ƙarƙashin ƙasa tsohuwa ce ta ƙarfe. Har yanzu idan na tuna watannin da ta yi tana shan wannan ruwa sai raina ya ɓaci, domin abin da ke ƙarƙashin daɓe sai ranar da ya fashe ake ganinsa.

Maganin kuwa wani ɗan gwangwanin roba ne cike da tsakuwar farar ƙasa, ruwan ya ratsa ta cikinsa, tsakuwar ta kashe tsamin kafin ya shiga magudana. Abu ne da bai fi tsawon hannu ba. A nan ne na sauko daga tauraro huɗun nan, kuma ba mai kafawa kaɗai nake zargi ba. Kamfanin da ya san injinsa yana fitar da asid kullum, me zai hana ya saka wannan gwangwani a cikin kwali? Sun saka ledar kusoshi, sun saka takardun talla, amma wannan sai a can cikin littafi aka ambace shi a layi biyu, wai ana sayensa daban. Masu sayarwa kuma bakinsu bai gaji da zancen rage gas ba, amma ko sau ɗaya ba su tambaye ni ko akwai magudana kusa da inda zan kafa ba, balle da me aka yi ta. Wanda hitarsa take ƙasa da magudana fa? Sai ya ƙara sayen ɗan injin tura ruwa, shi ma da wayarsa da ƙararsa. Wanda tiyonsa zai bi ta waje a wurin da ake ƙanƙara kuwa, ranar da ruwan ya daskare a ciki hita ta tsaya cak.

Akwai kuma wata 'yar lanƙwasa a ƙasan hitar da take riƙe ruwa, ita ce take hana hayaƙi biyowa ta tiyon ya shigo ɗaki. Littafin ya ce a cika ta da ruwa kafin a fara kunnawa. Na buga wa mai kafawa waya na tambaye shi ko ya cika, ya ce, "Ai da kanta take cika, yallaɓai." Eh, tana cika daga baya, amma kafin ta cika ina hayaƙin yake bi? Shiru ya yi. Dattijon ya kwance ta ya wanke, wani baƙin laka ya fito, ya ce wannan ma yana toshe ta idan aka bar shi. Ya ɗaga bakin tiyon ya bar 'yar tazara tsakaninsa da magudana, don kada ƙazamin ruwa ya dawo baya idan magudana ta cika. A ranar na sa aka liƙa na'urar ƙararrawa mai jin kabon monoksaid a bango.

Abin da ya rage yana ci mini rai shi ne bakin bututun na waje. An fitar da shi kusa da tagar ɗakin yara, kuma idan gari ya yi sanyi wani farin tururi yake busowa tuƙuƙu, har maƙwabcina ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa yana zaton gobara ce. Fentin bangon da ke wurin ya fara dabbare-dabbare. Bakin shigar iska ma ya matsu da shi, idan iska ta juyo sai hitar ta shaƙi hayaƙinta. Dattijon ya ɗan nisanta su, ya ɗaga su sama da santimita 30 daga ƙasa, amma gyara na gaskiya sai an sake huda bango a wani wuri, kuma mai kafawa ya daina ɗaga wayata tun ranar da na ambaci wa zai biya.

Yanzu dai tana aiki, ba ta sake ɗaukewa ba, ruwa da zafinsa, gas da sauƙinsa. Tauraro uku na ba ta. Da na ce uku da rabi, sai na tuna tsakuwar nan tana narkewa, an ce kusan duk shekara sai an duba an ƙara, ga wankin lanƙwasa, ga kuɗin dattijo da na biya daga aljihuna a kan aikin da na riga na biya wani. Wanda zai saya ya tsaya a kan mai kafawa da lebur a hannu kafin gam ya bushe, ya kuma tambaye shi ina ruwan zai zuba. Ni dai yanzu mai fasa daɓe nake nema ya duba mini magudanar ƙarfen nan.